Wayar da Ba Ta Ƙona Hannu

Da hantsin wata Talata matan Danwarai suka je ban-ruwan irin albasa, suka tarar da famfon sola ya yi tsit, ko ɗigo babu. Sai ƙaurin roba ke tashi daga ƙasa. Da aka tona, aka ga wayar da ta taso daga farantan sola zuwa bakin rijiya ta narke, robarta ta cukurkuɗe kamar ƙanzon tuwo.

Kafin azahar ɗan sanda Sajan Ridwan ya iso daga Aliero a kan babur. Ya duba ramin wayar, ya murza ƙasar a hannu.

"Yaushe aka binne wagga waya?"

"Bara," in ji jama'a.

"Ƙasar bara ba ta laushi haka. An tone ramin nan kwanan nan. An zare wayarku ta jan ƙarfe, an sa muku wata."

Nan fa ido ya koma kan Mu'azu, wanda ya haɗa famfon tun farko, kuma shi ke riƙe da mabuɗin akwatin wuta. Kun san bakin mutane, kafin la'asar har an fara cewa ai dama. Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce gwaggonsa, Inna Asabe mai masa, don ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, ita kuma ta tsaya gaban mata ta ce a ba shi aikin. In aka tafi da shi, sunansa ya ɓaci ke nan, ba mai sake ba shi ko ƙwan fitila ya ɗaura. Ta tsinci guntun wayar da aka yanko, ta ƙulle a bakin zane, ta koma gida.

Sajan ya fara da Tamu mai gadin famfon.

"Baba, ka taɓa barin wurin ga?"

"Sau ɗaya, ranka ya daɗe. Mako biyu ke nan, na tahi jana'iza Gehuru, tun safe sai la'asar."

"Wa ka bari?"

"Isa mai gyara, na Jega. Mu'azu shina Maiyama wurin biki, famfo ya ɗan yi gardama, aka kira shi."

Mutum goma suka shaida sun ga Tamu a maƙabarta, ga shi tsufa ya sa hannunsa na rawa, ko zare ba ya iya zurawa a allura. Sajan ya sallame shi.

Mu'azu ya rantse bai taɓa ramin ba tun bara, amma ba shi da shaida. Isa kuwa, da aka kira shi washegari, ya zo da fara'arsa.

"Yallaɓai, maɓalli kawai na canza. Wayar ƙasa ko ganinta ban yi ba. A tambayi mai mabuɗi."

Sajan ya lura da ƙuna a hannunsa. "Mi ya samu yatsunka?"

"Salansar babur."

Magana ta tsaya nan, kuma Sajan ya fara duban Mu'azu da idon tafiya ofis. Sai Inna Asabe ta ja shi gefe.

"Ɗana, ka karya kumallo? Taho da Mu'azu da Isa zaurena ku ci masa. Amma ɗaya bayan ɗaya za ka shigo min da su."

Sajan ya so ya ƙi, sai dai ƙamshin man ya riga ya iske shi.

Mu'azu aka fara shigowa da shi. Tana juya masa a tanda, ta miƙa masa guntun wayar nan, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, an fere robar, jawur da shi.

"Tona min garwashin ga da shi, ka riƙe shi ciki har in kwashe."

"Haba Gwaggo, da jan ƙarfe? Yanzu zai soya min hannu. Ba ni tsumma."

Ta ba shi tsumma, ya naɗe hannu ya tona.

Da aka shigo da Isa, ta miƙa masa guntun, ta faɗi abin da ta faɗa wa na farko. Ya karɓa da hannu tsirara, ya cusa cikin garwashi, yana ta zuba labarin tsadar kaya a kasuwar Jega. Ta kwashe masa, ta zuba wani ƙullun, yana riƙe abinsa.

"Allah shi yi maka albarka," in ji ta. "Ajiye wannan. Ga wani, wutsiyar tsohuwar wayar ce da ta saura a bakin famfo. Ci gaba da shi."

Isa ya karɓa. Kafin ya kai shi wuta, sai ya naɗe hannunsa da bakin riga.

"A'a, ɗan nan, mi ya kawo riga? Ba duk jan ƙarfe ba ne?"

Isa ya saki guntun a ƙasa.

Inna Asabe ta juya ga Sajan. "Ubana maƙerin mundaye ne, ni ke yi masa zuga ina yarinya. Jan ƙarfe ba ya riƙe zafi shi kaɗai, kana sa kansa a wuta ya kawo maka gaisuwa a yatsa. Goran ruwa da ake zuba tukwane da shi na biye masa. Baƙin ƙarfe kuwa malalaci ne, sai kansa ya yi ja wutsiyarsa na barci. Jiya na tona wuta da guntun farko, ban ji komai ba, na san baƙin ƙarfe ne aka yi wa wankan ja. Ban gaya wa kowa ba. Mu'azu ya ji tsoronsa, don a saninsa jan ƙarfe ya binne. Wanga kuwa da bai taɓa ganin wayar ƙasa ba, ya aka yi ya san wadda ke ƙuna da wadda ba ta yi?"

Mu'azu, da aka dawo da shi, ya dafe kai. "Shi ya sa ta narke! Ƙarfen da ke kai zafi da sauri shi ke kai lantarki da sauri. A baƙin ƙarfe wutar kokawa take kafin ta wuce, wayar ta yi ta ɗumama har ta ci robarta."

Sajan ya kama hannun Isa ya juya shi. Ƙunar siririya ce, layi ɗaya a babban yatsa, ɗaya a manuni.

"Salansa faɗi gare ta. Wannan sawun waya ne. Ka sa wayar da ka zare a wuta don ka ƙone robar ka sayar da jan ƙarfen, ta cije ka."

A shagon Isa na Jega aka samu wayar jan ƙarfen cikin buhun takin zamani, rabi an ƙone, rabi da robarta. Da ita da wadda ƙungiyar mata ta ƙara, Mu'azu ya ta da famfon ranar Alhamis, irin albasa ya sha ruwa bai mutu ba.

Da yamma ya zo ya durƙusa a zauren Inna Asabe.

"Gwaggo, ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Gode wa Allah, ka yi wa kakanka addu'a. Sau nawa ya bar ni na ƙone don in koya, ina kuka ina cewa ba ya sona." Ta share ido da bakin mayafi, ta tura masa kwano. "Ci, ta huce. Kuma ka dawo min da tsummana."