Goyo Har Bakin Gari

Bayan la'asar Lalla ta miƙa wa jikanta Attahir sabuwar igiyar guga. Ta ce ya kai wa kawunsa a gona, can kan hanyar Affala, ya kuma taho da Sule tun hadari bai taso ba. Sule ɗan kawun ne, sa'an Attahir, kuma fuka gare shi. In iskar ruwa ta same shi a daji, kwana uku yake yi ƙirjinsa na kuka kamar zarto.

"Wagga ƙwarya ta fata hwa?" Lalla ta nuna ƙwallon da ke hammatarsa. "Ita ma gonar za ta?"

"Rakiya za ta yi mani, tsohuwa."

"Shekara ukku kana Yamai, abin da anka koya maka ke nan. Mijin banza. Ku dai taso tun rana ba ta yi ja ba."

Daminar 1964 ce. Attahir ya zo hutu daga kwaleji, zuwansa na farko tun da ya tafi, kuma tun da ya sauka daga mota gidan ya yi masa kaɗan. A Yamai shi ne mai tsaron gida na ajinsu. Kowace Lahadi suna cunkushewa a ɗakin kwana, kunnuwa manne da rediyon wani ɗan Damagaram, suna jin wasannin ƙasashen da ba su taɓa gani ba. A Tawa kuwa hirar gero ce da ta farashin raƙuma. Don haka ya tattara ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, masu hutu, suka nemi karawa da ƙungiyar ma'aikatan buro, wato ofisoshin gwamnati, ran bikin ƴancin kai na uku ga Agusta. A tsakiyar kasuwa ya buga ƙirji ya ce ko ƙwallo ɗaya ba za ta wuce shi ba.

Saura kwana tara, ba su da wurin gwaji. Filin gari ma'aikata sun riƙe shi, ko'ina kuma shuka ce. Sai Tanimu, babbansu a shekaru, ya gano wani fako a arewa da gari, daf da gonar kawu: shimfiɗaɗɗe, mai tauri kamar daɓen ɗaki, gero ya kewaye shi ta ko'ina amma ko tsinke bai fito a kansa ba. Murna suka yi. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa manoma suka bar shi.

Ya kai igiyar. Ya ja Sule gefe.

"Rabin sa'a kaɗai. Mutum takwas muke, da kai tara."

"Ƙirjina bai so yau, Attahir."

"Tsayuwa kawai za ka yi gaba. Don Allah, ɗan'uwa. In ƴan buro sunka ci mu, ina za ni sa kaina?"

Sule ya ajiye hauya ya bi shi.

Suka jera duwatsu biyu nan, biyu can, a matsayin gida. Aka raba: biyar da huɗu. Ɓangaren Tanimu, inda Sule yake, ba su da mai tsaron gida. Ana cikin gardama Attahir ya hango mutum tsaye a bakin geron, dogo, da riga fara wadda ta sha jiki, hannuwansa cikin riga. Shi dai bai ga zuwansa ba. Amma haka ake yi a Yamai: in mutum ya kasa, duk wanda ke kallo sai a kira shi.

"Malam! Zo ka cika muna!"

Mutumin ya tako a hankali ya tsaya tsakanin duwatsun. Muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Yaushe a ka tashi?"

Ba mai agogo a cikinsu. Attahir ya ce, "Ba mai barin hili sai an ci."

"Wanda anka ci hwa?"

Tanimu ya yi dariya. "Dokarmu tun muna yara. Goyo har bakin gari. Kowa shi goyi kishiyarshi. Mai tsaron gida shi goyi mai tsaron gida."

Mutumin ya dubi Attahir daga wancan ƙarshen fakon.

"Na ji. Na yarda," ya ce. "Na daɗe ban shiga gari ba."

Aka fara.

Bugun farko mai kyau ne, ƙasa-ƙasa, ta kusa da dutse. Ba wanda ya ga mutumin ya motsa. Ƙwallon dai tana hannunsa. Ya gangaro da ita a hankali.

"A sake."

Aka sake. Aka kuma sakewa. Daga nesa, daga kusa, da kai, da dunduniya. Kowane lokaci ƙwallon na hannunsa, ƙafafunsa na inda suke.

"A sake."

Da ƙwallon ta iso wurin Attahir ya cafe ta, sai ya ji ta jiƙe sharkaf, da sanyi, tana warin ƙasan tsohuwar rijiya. Fakon kuwa a bushe yake ƙayau.

Ya ɗaga kai. Rana ta yi ja, tana zaune kan zangarniyar gero. Ya buga ƙwallon gaba. Aka yi ta gudu, aka yi ta gudu, har rigunan kowa suka manne da jiki. Ya sake dubawa. Rana tana nan inda take, ko ɗan yatsa ba ta sauka ba.

Sai ya lura da shirun. Kwaɗin tabki sun daina. Ba kukan jaki, ba dakan mata daga gari. Ba abin da ake ji sai tafin ƙafa kan fako da numfashin mutum tara.

Tara. Ya saurara da kyau. Tara ne.

"Ni na gaji," wani ya ce, ya nufi hanyar gida. Ya kai bakin geron, ya ɗaga ƙafa. Ƙafar ta juyo da shi. Ya dawo cikin fili da gudu yana bin ƙwallo, hawaye na zuba, bakinsa na karanta duk abin da ya zo masa.

Daga nan ba wanda ya ƙara gwada fita. Ba mai iya tsayawa. Ba mai iya zama.

Tanimu ya wuce kusa da Attahir, leɓɓansa sun tsage. "Dibi Sule," ya raɗa.

Sule na gudu a karkace, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Daga nan inda yake Attahir na jin zarton. Bakin Sule a buɗe, leɓɓansa sun koma launin toka. Ya faɗi kan gwiwa. Wani abu ya miƙar da shi tsaye, ya ci gaba da gudu.

Attahir ya san wannan kukan. Ya san abin da ke biyo bayansa in ba a kwantar da Sule an shafa masa man zafi ba.

Wancan gidan ba zai ciwu ba. Ko za a shekara. Gida ɗaya ne ya rage a filin nan, kuma shi ke tsaye a bakinsa.

Ya dubi dogon mutumin. Mutumin ma shi yake kallo, kamar mai jiran a gama ɗaura wa jakinsa kaya.

"Sule!" Attahir ya ƙwala kira. "Bugo! Bugo mani nan!"

Tanimu ya gane. Ya tura wa Sule ƙwallon. Sule ya taɓa ta da ƙyar, ta taho tana birgima kamar ta yaro. Attahir ya ce wa kansa, bar ta. Bar ta ta wuce.

Hannuwansa suka cafe ta.

Shekara uku yana koya musu kada su bari. Sun koya.

"A sake," in ji murya daga can.

Ya jefa wa Tanimu. Aka sake bugowa. Ya rufe ido. Ƙafarsa ta hagu ta miƙe da kanta ta tare.

Sule ya faɗi. Wannan karon ya daɗe kafin a tashe shi, kuma da ya tashi kansa na lilo.

Attahir ya kwanta rub da ciki a kan fakon. Ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cikinsa, ya danne su da duk nauyinsa. Ya harɗe ƙafafu. Ya kafa haƙora a ƙasa har ya ji yashi na ƙara a bakinsa.

"Yanzu! Ku buga!"

Ya ji taku. Ya ji bugu. Hannuwansa na fizga a ƙarƙashinsa kamar kajin da aka yanka.

Ƙwallon ta wuce ta gefen kunnensa, da sanyinta.

Nan take mutum takwas suka zube. Rana ta faɗa bayan gero kamar an tsinke igiyarta. Kwaɗi suka ɓarke gaba ɗaya.

"Ku ɗauki Sule," Attahir ya ce, bai ɗaga kai ba. "Ku bi ta gona. Kar ku waiwaya."

Ba wanda ya tuna da nasa goyon. Suka ciccibi Sule suka kutsa cikin gero. Karan na kakkaryewa, har ya daina jin su.

Ƙafafu biyu suka tsaya a gaban fuskarsa.

"Tashi. Duƙa."

Ya duƙa.

Da farko ba nauyi. Kamar an yafa masa jiƙaƙƙen zane. Hannuwa suka zagayo wuyansa, suka zagayo kuma, sau biyu. Sanyin ya ratsa rigarsa.

Ya hau hanyar Tawa. Taku goma, nauyin ɗan akuya. Taku hamsin, buhun gero. Ruwa na ɗiga daga bayansa zuwa dugadugansa. Warin rijiya ya cika masa hanci. Ba numfashi a ƙeyarsa. Ko kaɗan.

Can gaba ya hango fitila. Sababbin gidajen ma'aikata ne, waɗanda aka gina bayan tafiyarsa, su ne farkon gari yanzu. Ya kafa musu ido. Ya daina ƙirga taku, ya koma kiran sunan Allah, ɗaya a kowace ƙafa.

Ya kai katangar farko. Ya dafa ta.

"Ga bakin gari. Sauka."

"Nan daji ne," muryar ta ce cikin kunnensa. "Bakin garin da ni sani, wurin rijiya mai baki biyu yake."

Attahir ya san wurin. Rijiya mai baki biyu tana tsakiyar tsohuwar unguwa. Taku bakwai ne daga ita zuwa ƙofar Lalla. Can aka nufa da Sule.

"Gari ya ƙaru," ya ce. "Wallahi ya ƙaru. Nan ne."

"Tahi."

Ƙafarsa ta ɗaga da kanta.

Ya rungumi kusurwar katangar. Farcensa ya shiga cikin laka. Ƙafar ta ja, ya riƙe. Hannuwan da ke wuyansa suka matse. Fitilar ta rabu biyu a idonsa, ta koma ja.

"Ba ni kai ka. Kashe ni nan. Ba ni kai ka."

Wani abu ya yi ƙara a bayansa, kamar karan dawa.

Sai ladan ya ɗaga murya daga cikin gari. Wani ladanin ya amsa daga gabas.

Matsin ya saki. Attahir ya sulale jikin katangar. Abu na ƙarshe da ya ji raɗa ce, ba fushi a cikinta.

"Ba ni da gaggawa."

Wani ma'aikacin gidan waya ne ya same shi a nan, ya shigar da shi zaurensa. Da safe Tanimu ya zo da labari: Sule ya kwana a wahale, amma ya kwana. Lalla ta tsaya a kansa har asuba.

Attahir ya miƙe. Bayansa na ciwo, amma sakayau yake jinsa. Ya yi wa mai gidan godiya, ya kama hanyar gida tare da Tanimu.

A kwanar farko ya ji jiƙaƙƙen zane a kafaɗarsa.

A bakin kasuwa, ɗan akuya.

Ya tsaya cik. Ya ja da baya taku biyar. Nauyin ya ragu. Ya matsa gaba. Ya ƙaru.

"Mi ya hwaru?" Tanimu ya tambaya.

"Je ka ɗauko mani akwatina. Ka ce ma Lalla ina tasha."

An yi wasan uku ga Agusta ba shi. Malamai sun yi masa rubutu ya sha, a Tawa, a Yamai, har Sakkwato an kai shi. Ya gama kwaleji, ya yi aiki a garuruwa da dama, bai taɓa daɗewa a ɗaya ba. Duk inda yake lafiyarsa lau, muddin bai fuskanci gida ba.

Kowace damina yana zuwa Tawa. A tasha yake sauka, a nan yake zama. Sule kan zo da ƴaƴansa su yi hira har la'asar. Lalla ma, lokacin da ƙafarta ke kai ta, takan zo da fura a ƙwarya, ta zauna gefensa tana zaginsa mijin da ba ya kwana gida. Amma ba ta taɓa cewa ya zo ba.

Ran da ta rasu, daga bakin kasuwa ya yi mata salla, shi kaɗai, a duƙe. Masu wucewa sun ɗauka kuka ne ya lanƙwasa shi.