Ƙusar Jirgin Alhaji Maikano

Da hantsin Laraba aka buɗe akwatin a falon Alhaji Maikano da ke Wudil, a gaban dattawan da ya kira shaida. Injiniya Juwairiyya ce ta ɗaga murfin. A ciki akwai ƙusar ƙarfe mai kaurin tsintsiyar hannu, irin wadda ke riƙe inji a jikin fiffiken jirgin sama. Daga jirgin da Alhaji zai saya aka ciro ta. Juwairiyya ta taho da ita daga Turai, ta ce akwai tsaga a wuyanta. Dattawa suka jujjuya ta a hasken taga. Baƙa ce wuluk, tana ƙyalli, ko ƙwarzane babu.

"An taɓa ta," in ji Juwairiyya.

"Ba a taɓa komai ba," in ji Gwadabe, dillalin cinikin. "Masu ɗaya jirgin da aka kawo talla ne suka cika miki jaka, kika zo ɓata mana ciniki."

Alhaji ya ce ta ajiye aikinsa. Ba ta yi musu ba. Ta rufe akwatin, ta ɗauka, ta taka da ƙafarta har ofishin 'yan sanda.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ce. Alhaji Maikano a Kara ya yi arziki, kasuwar shanun da ke ci ranar Juma'a, sannan ya kafa kamfanin jiragen Shamuwa. Ƙananan jiragensa sun tsufa, yana son babba wanda zai ƙetare teku zuwa Amurka. Biyu aka kawo masa talla: tsoho mai inji huɗu, da mai inji biyu wanda bai daɗe da fitowa ba. Ya je da kansa, ya zagaya mai huɗun, ya bubbuga cikinsa, ya ce ya saya. Da ƙa'idar Kara yake ciniki: in an sallama an gama, sai dai in an nuna aibin da aka ɓoye, a gaban shaidu, kafin kasuwa ta zagayo.

Sufeto Barakatu aka miƙa wa ƙorafin, don babu namijin da ke son shiga gidan Alhaji da tambaya. Shekarunta a ofishin, rigimar awaki da faɗan 'yan kasuwa ake ba ta, tana yi ba ta cewa komai.

Ta buɗe akwatin a kan teburinta. Kiyashi ne suka yi layi daga kusurwa zuwa jikin ƙusar. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta kai ƙarfen hancinta.

"Man jirgi yana kiran kiyashi?"

"A'a."

"To ki yi min bayani. Ni a lissafin da na koya, huɗu ya fi biyu."

"A kan teku sa'o'i ake yi babu inda za a sauka," in ji Juwairiyya. "Lafiyar inji ce ke kai mutum gaɓa, ba yawansa ba. Wancan jirgin ya ci shekarunsa. Ƙusa ɗaya na sa aka ciro na sami tsaga. Sauran ban san yadda suke ba."

"Masu mai inji biyun sun ba ki wani abu?"

"Shayi."

"Wa kika nuna wa tsagar?"

"Alhaji, ranar Lahadi da na dawo. Shi kaɗai. Ya karɓa ya kulle a ɗakin ajiyarsa."

"Kin san in ban sami komai ba, ke ce mai ƙarya? Babu kamfanin da zai sake ba ki ko sukundireba."

"Na sani. Mu biyu ne mata a ajinmu, ɗayar ta bari. Kullum akwai mai jiran ranar da zan yi kuskure. Ba wannan ce ranar ba."

Barakatu ta fara da Kyaftin Abdulbaƙi, babban matuƙin kamfanin. A wajen masu kifi ta same shi, gefen gada, yana taya ragon ruwa.

"Wane jirgi kake so a saya, Kyaftin?"

"Mai huɗu. Lasisina nasa ne. In aka kawo mai biyu sai na koma aji da furfurata, yara suna koya min." Ya karɓi kifinsa. "Kin ga ina da dalili, rubuta."

"Ka taɓa ƙusar?"

"Ko ganinta ban yi ba sai yau. Injiniya ta ce sai a gaban shaidu. Kuma Sufeto, ni ne zan zauna cikin abin nan a tsakiyar teku. In akwai tsaga ai na fi kowa son a gani." Ya nuna kogin da haɓa. "Da ni ne, da tana can ƙasa. Wa zai tsaya yi mata kwalliya ya mayar?"

Ranar Alhamis ta je Kara. Ana ta sauke shanun gobe daga tireloli. Gwadabe na zaune a kan benci da sandarsa, ya miƙe da ya gan ta.

"Ranki ya daɗe. Saniya ake so ko ni?"

"Hancinka nake so." Ta miƙa masa ƙusar.

Ya shinshina, ya goga ɗan yatsa ya duba, sai ya kece da dariya.

"Man shanu da kunkunniya. Rabona da ganin wannan tun ina rakiyar babana kasuwa. In ƙaho ya tsage ko kofato, sai a kwaɓa baƙin rufin ɗakin girki da man shanu, a cusa a tsagar, a murje har ya yi ƙyalli. Aikin tsofaffi ne. Mu yanzu man goge takalmi muke sawa." Ya kalli kakin jikinta. "Wato wasu suke sawa."

"Jiya ka riƙe ta, ba ka ji ƙanshin ba?"

"Jiya la'ada nake shinshinawa, ranki ya daɗe."

"Ina kake daga Lahadi zuwa Talata?"

"Potiskum. Ga direban can, ga shanun can, tambayi wanda kika ga dama."

Ta tambayi direban da masu lodi biyu, kowa daban. Bakinsu ɗaya: da asubar Laraba suka shigo Wudil tare da shi.

Bayan azahar ta kira Juwairiyya suka tafi gidan Alhaji. A hanya ta tambaye ta ko akwai yadda za a ga tsagar da aka cika da mai. Juwairiyya ta ce a tsaya a saya mata allin makaranta.

Alhaji ya karɓe su a falo. Aka gaisa, aka tambayi gida da kasuwa da gajiya. Bai dubi Juwairiyya ba.

"Ranka ya daɗe, ina mabuɗin ɗakin ajiya yake zama?"

"A ƙusar zaure. Kowa na iya ɗauka. Gidan nan kamar tasha yake."

"A buɗe min in gani."

Ya sa hannu a aljihun 'yar cikinsa ya zaro mabuɗin. Ɗaure yake da igiyar fata, ita kuma igiyar an ɗinke ta a bakin aljihun. Barakatu ta kalli ɗinkin, ta ce ba sai an buɗe ba.

Juwairiyya ta fita tsakar gida. Ta goge ƙusar da busasshen tsumma har baƙin ya fita, ta ajiye ta a rana ta yi zafi, sannan ta daka allin ta barbaɗa mata. Ta kawo ta a kan faranti ta ajiye gaban Alhaji. Da farko fara ce fat. Can sai wani siririn layi ya fara fitowa a wuyanta, baƙi, kamar silin gashi, yana tsawo har ya kusa zagaye ta.

"Man da aka cusa ne yake dawowa," in ji ta. "Haka magabatanmu a wannan aiki suke neman tsaga kafin a sami na'ura. Wanda ya shafa man ya rage min aiki."

Barakatu ta gyara zama.

"Baba, bari in faɗa yadda na gani, in na yi kuskure ka gyara min. Matuƙin jirgi ba zai shafa wa ƙarfe man shanu ba, jefarwa zai yi. Wanda ya yi wannan ya ɗauki ƙusar kamar ƙahon sa, kuma da hannun da ya koyi aikin tun kafin man takalmi ya zo kasuwa. Gwadabe ba ya gari. Ko yana gari, bai san inda tsagar take ba, ga shi kuwa a wuyan aka fi cusa baƙin. Mutum ɗaya aka nuna wa wurin. Mabuɗin kuma bai taɓa kwana a zaure ba."

Alhaji ya daɗe yana kallon farantin.

"Tun ina saurayi nake saye a Kara," ya ce. "Ba a taɓa cusa min dabba mai aibi ba. Har daga Gaya ake zuwa a ce in duba. Na tsaya a kasuwa na ce na zaɓo jirgi da idona. Sai yarinya sa'ar 'yar cikina ta zo da ƙusa ta ce ban gani ba." Ya murza gemunsa. "Kuma har yanzu raina bai kwanta da abu mai ƙafa biyu a kan ruwa ba. Mai huɗu in ɗaya ta gurɗe yana ɗingisawa ya kai gida."

"Sa yana da ƙasa a ƙarƙashinsa, Alhaji," in ji Juwairiyya.

Alhaji ya kawar da idonsa daga farantin. Ya ce ba nufinsa a ɓata ta ba ne, ya ɗauka za a ce ta yi kuskure a wuce wurin. Ya ce ta koma bakin aikinta, zai warware cinikin gobe a hankali, a ce farashi ne bai yi ba. Magana ta tsaya a falon nan.

Barakatu ta juya wajen Juwairiyya. "Ke kika kawo ƙara. In kin ce kotu, kotu. Yanzu ba a rufe fayil don mai gida ya ce a rufe."

"Ba na son kotu," in ji Juwairiyya. "Ba kuma na son a ce farashi ne. A gaban dattawa aka ce an saye ni. Su za a kira, da Gwadabe, da Kyaftin."

"'Yar nan, girmana fa."

"Kwana biyu ina yawo a garin nan ana nuna ni da baki, Alhaji. Ban ɓuya ba."

A waje ana jin kukan shanun da ake korawa Kara. Daga bisani Alhaji ya ɗaga labule ya ce a kira su.

Bayan la'asar suka hallara. Farantin ya zagaya hannu zuwa hannu. Kyaftin Abdulbaƙi ne ya fi daɗewa da shi, da ya miƙa gaba sai ya tambayi Juwairiyya a hankali wata nawa ake yi a koyi mai inji biyu. Alhaji ya miƙe tsaye, abin da bai saba yi a falonsa ba. Ya ce akwai aibi, ciniki ya warware. Ya ce Injiniya ta faɗi gaskiya. Ya ɗan tsaya, ya dubi Juwairiyya ko hakan ya isa.

Tana tsaye a bakin ƙofa, hannuwanta fari fat da alli. Ba ta ce ya isa ba.

"Ni na shafa man," in ji Alhaji.