Dafaffiyar Alkama a Hanyar Stupa

Bayan magariba na taso a motata daga garin Kardamili zan kai kifi garin Stupa. A kwanar nan da ke saman teku, wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya ta tsayar da ni, tana riƙe da kwano a lulluɓe. Tana shiga, warin ciyawar teku ya cika motar, na ɗauka daga jikinta ne.

"Kaka, ina zuwa cikin duhun nan?"

"Ja mu tafi, sarkin surutu. Ungo."

Dafaffiyar alkama ce da rumman da sukari, irin wadda muke rabawa ranar arba'in ɗin mamaci. A wajenmu ba a ƙin karɓarta. Na ɗiba na kai baki, gishiri zalla.

"Allah ya gafarta masa," na ce. "Ta wa ce?"

"Ta Stamatis ɗan Froso, mai kifi. Uwarsa ta gaji da jin motarsa tana wucewa kullum."

Na buɗe baki zan ce ai ni ne Stamatis, sai ruwa ya zubo daga bakina. Sannan na lura ƙafafuna cikin ruwa suke har gwiwa, kuma tun da na taso ban ji ƙarar inji ba.