Aljanar da ta Riƙe Oba-oban Dogo

Shekarar da aka datse layin waya a Zamfara, oba-oba guda ce a Karakkai, kuma hannun Dogo ta faɗa. An koya masa: ka danna, ka faɗi wuri da abin da ya faru, ka saki, don in kana danne ba mai iya magana. Dogo kuwa sai ya danne ya yi ta gaishe-gaishe da yi wa kansa kirari, har 'yan sintirin Bungudu suka daina amsa shi.

Wata rana, dab da magariba, matarsa Yelwa tana kwashe tuwo, dutse ya faɗo tsakar gida. Wani ya biyo. Kaji suka yi tsit. Can bayan gari hayaƙi ya turnuƙe, rumbunan hatsin unguwa sun kama wuta.

Dogo ya ruga ɗaukar oba-oba, ya tarar da ita hannun ɗiyarsa Juwairiyya. Tana zaune gindin tsamiyar da ya ɗaure eriya bisa kanta, ido kafe, yatsa danne da maɓalli. Ƙato biyu suka kasa ɓamɓare yatsan.

Aka kira Malam Labbo. Ya yi karatu, ya tofa, ya ce, "Wane ne?"

Muryar tsohuwa ta fito bakin yarinyar. "Mai tsamiyar nan. Wanga sakarai ya ɗaure min ƙarfe bisa kai, kullum surutu. Ya ji yadda akan ji in wani ya danne."

"Abincin mutane na ƙonewa, baiwar Allah. Mi kike so?"

"A sauke ƙarfen."

"Ba shi sabkuwa, gari na bukatarsa."

Ƙaurin gero ya cika gidan.

"To ya faɗi abin da ya kawo shi, ya saki. In ya ƙara, in dawo."

Juwairiyya ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Dogo ya ɗauki oba-oba, ya gyara murya. "Salamu alaikum, ni ne Dogo, kwamanda, ɗan gidan..."

Dutse ya dira gaban ƙafarsa.

Yelwa ta fizge. "Karakkai. Gobara a rumbuna, bayan gari. Ku zo da ruwa. Oba." Ta saki.

Nan take aka amsa: "Mun ji, Karakkai. Ga mu nan."

Rabin rumbunan suka tsira. Tun ranar oba-oba na rataye ɗakin Yelwa. Dogo shi ke kai ta caji.