Taken Sarkin Noman Yekuwa

"Sau ɗaya tak, Abdul... don Allah, don Annabi!"

Zahara'u ce ke maganar, tana murɗa bakin mayafinta kamar za ta yaga shi. Suna tsaye a bayan wani gawo, gefen gonar da aka shirya gayya a bakin garin Yekuwa. Can gaba motar baƙin Yamai ta riga ta tsaya.

"Zahra, kin san abin da kike roƙona kuwa?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba, masoyiyata. Wallahi ba ki sani ba..."

Ta sani mana! Wa ya fi ta sani? Abdulhadi ɗan Baba Sidi ne, makaɗin gangar noma na ƙarshe a yankin. Ranar da ya aiko neman aurenta, gidansu kamar zai kama da wuta. 'Yar Sarkin Noma Zakari guda ta auri ɗan maroƙi? Da ƙyar da jiɓin goshi mahaifinta ya sauko, shi ma don yaron mushe ne, wato malamin boko, a wata lakwal ta Magaria, kuma bisa sharaɗi: kada hannunsa ya ƙara taɓa ganga har abada. Abdulhadi ya ɗauki alkawari, ya riƙe shi gam. Har an sa biki bayan kaka.

Ita kuwa aikinta ke nan a ƙungiyarsu ta raya al'adu, yawon biro-biro, wato ofis-ofis, daga Dungass zuwa Zinder, tana neman wanda zai tallafa wa makaɗan karkara kafin su ƙare. Ta sha wulaƙanci, ta sha "a dawo gobe". Yau ga masu furoje, wato masu shirin ba da tallafi, sun zo gani da ido. In abin ya burge su, za a buɗe wa yara gidan koyon kiɗa, a riƙa kula da lafiyar tsofaffin makaɗa. Sai ga shi Baba Sidi ya wayi gari hannunsa na dama ya ƙi motsi.

"In ba a buga gangar nan yau ba, sun tafi ke nan," ta faɗa hawaye na zubo mata. "Maganin Baba Sidi fa, Abdul?"

"Babanki fa?"

"Yana kasuwar Guci, sai yamma zai dawo. Ko ya ji labari daga baya, ni zan durƙusa in ce taimako ka yi. Ji daban, gani daban."

Ya daɗe yana kallonta, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Don ke, Zahra... ke kaɗai."

Ya rataya gangar.

Kai! Ashe hannu ba ya mantuwa. Bugun farko samari suka sa hauya a ƙasa, bugu na biyu aka fara tsere, mata suka rangaɗa guɗa. Madam ɗin da ta jagoranci baƙin ta miƙe tsaye ba ta ma sani ba. Zahara'u kuwa ta saki baki tana kallon mutumin da take so. Ba ta taɓa ganin fuskarsa da irin wannan haske ba, ko ranar da aka sa musu rana.

Sai ƙarar babur.

Yunusa ne, abokin aikinta, wanda ya daɗe yana bin ta da maganar so tana kauce masa. A bayansa kuwa... Baba Zakari, da babbar rigarsa ta kasuwa.

"Haba, Zahara'u," in ji Yunusa yana washe haƙora, "a yi gayya a Yekuwa babu Sarkin Noma? Ai sai a zage mu. Shi ya sa na bi shi har Guci."

Munafuki! Ya san sarai abin da ya ƙulla. Duk manomin da ya isa yana da takensa a bakin ganga. Sarkin Noma ya tako gona makaɗi ya yi shiru da takensa, zagi ne a bainar jama'a. In kuwa ya buga, to ya zama maroƙinsa.

Abdulhadi ya ɗago ya dube ta.

Ta girgiza masa kai, leɓɓanta na cewa kar ka yi... kar ka yi...

Amma jama'a duk sun juyo suna jira, dattijon kuma ya riga ya sa ƙafa a kunya ta farko. Abdulhadi ya runtse ido ya sauya kiɗa.

Baba Zakari ya tsaya ƙiƙam. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Kafin a ankara ya fizge hauya daga hannun wani saurayi ya daka tsalle.

"Sai ni Zakari, mai karya kumallo da raɓa! Gona ta gan ni ta yi laushi!"

Mutumin da ko tari ba ya yi da ƙarfi in Abdulhadi ya zo gaisuwa, shi ne ya kai kunya ya dawo yana kirari, zufa sharkaf. Ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa wa makaɗin a kafaɗa, kamar yadda ya saba yi wa Baba Sidi a zamaninsu.

Wuri ya ɗauki sowa.

Madam ta rungume Zahara'u. "Mun amince! Za mu sa hannu!"

Zahara'u ta fashe da kuka, kowa yana zaton na murna ne.

Bayan la'asar ta sami mahaifinta a tsakar gida kan tabarma, ta zube a gabansa.

"Baba, laifina ne. Ni na roƙe shi... ni na matsa masa."

"Tashi, uwata. Ban yi fushi ba." Muryarsa a sanyaye take. "Rabon da jinina ya motsa haka har na manta. Yaron nan ya fi ubansa hannu."

Ta ɗago kai da sauri. "To Baba..."

"Amma na yi kirari a gabansa. Na tuɓe riga a gabansa, na yafa masa, duk Yekuwa na kallo. Suruki ba ya ganin surukinsa a haka, Zahara'u. Da wane ido zai gaishe ni? Da wane ido zan amsa?"

"Baba, ina son shi! Wallahi ina son shi!"

Inna Tabawa, mahaifiyarta, ta toshe baki da gefen zane ta shige ɗaki.

"Gobe za a mayar musu da kayansu cikin mutunci," ya ce yana kallon ƙasa. Sannan ya ƙara, "Ki gaya masa in noman maimai ya zo, shi nake so ya buga mini a gonata."

Ta sami Abdulhadi a ƙofar gidansu zaune, rigar na ninke a cinyarsa. A gefe Baba Sidi ya jingina da bango, yana shafa gangar da hannunsa mai lafiya, sai sa wa ɗan nasa albarka yake yi.

Abdulhadi ya miƙe. Kallo ɗaya ya yi wa idanunta.

"Me ya ce?"

Ta gaya masa duka, ba ta rage komai ba.

"Abdul, ka yafe mini... ka ce wani abu mana, don Allah!"

Ya ja da baya taku ɗaya. Ya cire hularsa, ya ɗan rusuna, hawaye na gangarowa cikin gemunsa.

"Allah ya ja zamanin 'yar Sarkin Noma," ya ce a hankali. "Ki ce masa maroƙinsa zai zo."