Almakashin Mama

Tulu yana zagaya falo a duƙe kamar tsoho, dafe da kafaɗar matarsa Malama, sai ga mahaifiyarsa, Mama, ta yi sallama da akwati da kulolin abinci.

Ita ce ta laƙaba masa Tulu tun yana goye, ƙibarsa kuma abin alfaharinta ce. Da ciwon suga ya taso masa, likita ya ce ya rage jiki ko ya rage kwana. Malama, mai koyarwa a firamare, ta sauya girkin gidan, ta riƙa fita tattaki da shi kafin ta wuce aji. Jiki ya zube, fata kuwa ta ƙi tafiya, ta zubo har cinya. Wannan fatar aka yanke masa a asibiti makon jiya, aka ɗaure shi cikin rigar matsi mai ƙugiyoyi, wadda aka ce kada ya rabu da ita sai wajen wanka.

Mama ta dube shi sama da ƙasa, ta fashe da kuka. Ta ce an horar mata da ɗa da yunwa, sannan an miƙa shi ga masu wuƙa. Ta rantse ba za ta bar gidan ba sai ya sallami matar nan. Malama ta sunkuyar da kai, ta ɗauki akwatin ta kai ɗakin baƙi, a can ta yi nata kukan. Ni dai na jinjina mata, don mata kaɗan ne za su ji wannan su fito su tambayi suruka ruwan wanka mai zafi take so ko mai ɗumi.

Rana ta uku Malama ta fita kemis sayen bandeji. Magani ya sa Tulu barci a kujera, yana numfashi sama-sama. A ganin Mama, an ɗaure masa ciki ne don kada abinci ya sami wurin zama. Ta ɗauko almakashi a kicin, ta bi rigar daga ƙirji har ƙasa ta raba ta biyu, ta lulluɓe shi da zane, ta koma gefe tana jin ta ceci ɗanta.

Kafin yamma ciki ya tara ruwa, ɗinki ya fara tsatsafa. A asibiti likita ya zuƙe ruwan da sirinji, ya ɗaga rigar yana faɗa, ya ce sai an gaya masa wanda ya yi wannan aika-aika. Mama tana bakin ƙofa.

"Sakacinmu ne a gida, likita," in ji Malama. "Ba za a sake ba."

Ta tsaya ta sha faɗan nan tas, ko kallon ƙofa ba ta yi ba.

A mota Tulu ya yi maganar da ya daɗe yana haɗiyewa. Ya gaya wa Mama yadda ƙarƙashin fatar ya riƙa ƙuraje yana wari, har ya daina shiga mutane. Kullum da safe Malama ce take ɗagawa ta wanke, ta busar, ta shafa magani, ba ta taɓa yatsine fuska ba, ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba.

"Mama, ban taɓa yi miki musu ba," ya ce. "Amma maganar sakin nan kam ki yafe mini, ba zan iya ba."



Washegari da safe Malama ta sami Mama ta ɗaure kaya, tana neman sulalewa kafin a tashi. Kunya ta hana ta ɗaga ido. Malama ta tare ƙofa, ta ce hutun da ta ɗauka a makaranta zai ƙare ranar Litinin, Tulu kuwa ko buta ba a yarda ya ɗaga ba tukuna.

"Wa zan bar wa shi, Mama, in kin tafi?"

"Ni da na kusa kashe shi?"

"Ai ganinsa a matse ne kika kasa jurewa. Irin wannan mai jinyar nake nema — almakashin kawai zan ɓoye."

Mama ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta kama hannun Malama da hannu biyu, ta kira ta 'yata, abin da bakinta bai taɓa furtawa ba tun ranar da aka ɗaura auren. Maganar saki kuwa ba ta ƙara tashi a gidan ba.

'Yan'uwa, so kan yi ɓarna idan babu sani a tare da shi. Wadda ta rufa wa suruka asiri a ranar da take da ikon tona shi, ta tsira da mijinta, ta kuma sami uwa.