Muryar da Ɗanlarai Ya Goge

A Kasuwar Muda Lawal Ɗanlarai ya fara ganin Ni'ima, tana bin rumfunan 'yan hatsi tana sa wa mutane manhajar gargaɗin ambaliya a waya. Shi da ya zo sayen taki, sai ga shi yana miƙa mata waya karo na biyu.

"Malam, ai ɗazu na sa maka."

"Lambarki ce ba ta shiga ba."

Ta yi dariya. Shi ke nan fa, bawan Allah ya kamu.

Muryarta ce ke karanta gargaɗin da Hausa. Da wayarsa ta yi ƙara, sai ya garzaya ƙofar masallacinsu a Inkil ya shaida wa dattawa marasa babbar waya. Suka saba, suka sakar masa.

"Zumata, ko ambaliya kika ambata daɗi nake ji," ya rubuta mata.

"Allah ya shirya min kai, Ɗanlaraina."

Sai kishi ya shigo. Ya hango ta a motar Abdulsalami, abokin aikinta, suna ta dariya. Tambaya ɗaya ta isa, amma ina! Ya daina ɗaga kiranta, ya daina buɗe saƙonta, ya goge manhajar, wai ba ya son jin muryar. Bai gaya wa dattawan nan ba.

Wata Laraba da hantsi gargaɗi ya fita: an tafka ruwa a tudu, a kwashe dabbobi daga bakin rafi. A Inkil ko yayyafi babu. Kafin la'asar ruwa ya tafi da shanun huɗar maƙwabcinsu, Baba Mijinyawa, suna ɗaure.

Sai a lokacin Ɗanlarai ya buɗe saƙonninta.

"Abdulsalami yayana ne, nono ɗaya muka sha."

"Ko ba za ka kula ni ba, don Allah ka je masallaci. Ruwa na zuwa."

Ya yi kuka, kukan da ba ya dawo da shanu.

Ni'ima ta yafe, amma Bappa, waliyyinta, ya ƙi. "Wanda fushinsa ya fi masa unguwa, ba zan ba shi 'yata ba."

Baba Mijinyawa ne ya tako har gidan Bappa. "Alhaji, yaron nan duk daminar nan yana bayana a gona da fartanya. Shanu sun tafi, kada aure ya bi su."

Bappa ya sauko, bayan kaka aka ɗaura auren. Baba Mijinyawa ya ɗaga hannu yana addu'a: "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba." Jama'a suka amsa da amin. Ɗanlarai ya dubi tafukan hannun tsohon, duk sun tsage sun yi kantar fartanya, ya sunkuyar da kai.